Akurkin Katako Mai Bene Da Shingen Ƙarfe Mai Naɗewa: Wanne Ne Ya Isa Zama Gidan Zomo?

A jikin kwalin da akurkin ya zo a ciki akwai hoton zomaye biyu kwance a kan ɗanyar ciyawa, an kuma rubuta da manyan baƙaƙe cewa wannan cikakken gida ne na zomaye biyu. Wannan rubutu ne ya sa na saye shi, kuma a kansa mafi yawan maganata za ta tsaya, domin bayan wata 14 ina amfani da shi na gamsu cewa akurkin yana da nasa amfanin, amma bai kai a kira shi gida ba, kuma duk wanda ya ɗauki maganar kwalin yadda take zai cuci dabbobinsa ba da niyya ba. Ban ga dalilin ambaton wanda ya ƙera shi ba, tunda masana'antu da dama ne ke fitar da irinsa da siffa kusan ɗaya da awo kusan ɗaya, don haka abin da zan faɗa ya shafi samfurin baki ɗaya. Akwai kuma kaya na biyu da na saya daga baya, wato shingen ƙarfe mai naɗewa, wanda sai da ya shigo hannuna na gane matsayin akurkin na gaskiya.

Akurkin na katako ne mara nauyi, mai hawa biyu. Tsawonsa santimita 120, faɗinsa santimita 50, kuma daga daɓe zuwa rufi kowane hawa bai wuce santimita 45 ba. A hawan sama an keɓe kusan kashi ɗaya cikin uku a matsayin ɗakin kwana mai duhu, sauran kuma an tare gabansa da raga. Hawan ƙasa raga ce ta kewaye shi ta gefe uku, sai wata 'yar matakala da ta haɗa su ta wata kafa da aka huda a daɓen sama. Rufin yana ɗaguwa kamar murfin akwati, an shimfiɗa masa takardar kwalta saboda ruwan sama, sannan a ƙarƙashin hawan sama akwai tire na roba da ake jawowa kamar durowa. Haɗa shi bai ba ni wuya ba: an riga an huda ramukan ƙusoshin, zanen da ke cikin takardar bayani a fili yake, kuma da sukundireba guda na gama aikin cikin ƙasa da awa biyu.

Lokacin da na zuba zomayen a ciki, mace da namiji, satinsu goma da haihuwa, kowannensu bai cika tafin hannu biyu ba, sai wurin ya zama musu kamar fada. A nan ne mai saye yake ruɗuwa, domin yana auna gidan da jikin ɗan zomo, ya manta cewa cikin wata shida ko bakwai dabbar za ta kusa kai girmanta na ƙarshe. Nawa matsakaita ne, kowanne ya tsaya a wajen kilo biyu da rabi. Wata rana da yamma na tsaya ina kallon macen tana neman ta miƙe ta kwanta, irin kwanciyar da zomo ke yi idan hankalinsa ya kwanta, ya tura ƙafafun baya can ya shimfiɗa ciki a ƙasa. Ta gwada ta faɗin akurkin, ƙafafunta suka tokari bango. Ta juya ta tsawonsa, ta tarar namijin ya riga ta tare wurin. Daga ƙarshe ta haƙura ta dunƙule a lungu. Washegari na fito da ita tsakar ɗaki, na jira har ta miƙe, na ɗora tef ɗin awo a gefenta, na ga daga hanci zuwa ƙarshen ƙafa ta kusa santimita 60. Idan ta tashi tsaye a kan ƙafafun baya domin ta leƙa abin da ke faruwa, sai kunnuwanta sun lanƙwashe a jikin rufi. Tsalle biyu kacal take yi daga wannan bango hancinta ya taɓa wancan.

Masu kula da walwalar zomaye sun daɗe suna maimaita wasu sharuɗɗa uku masu sauƙin gwadawa, wato zomo ya iya yin tsalle uku a jere, ya iya tsayuwa a kan ƙafafun baya ba tare da kunnensa ya taɓa rufi ba, ya kuma iya miƙewa ya kwanta ta kowace fuska. Akurkina bai cika ko ɗaya ba. Ƙungiyar kula da walwalar zomaye ta Birtaniya, wadda aka fi sani da RWAF, tana ba da shawarar cewa zomaye biyu matsakaita su sami fili guda mai tsawon mita 3, faɗin mita 2, da tsayin mita 1, kuma ya kasance a buɗe gare su dare da rana. Murabba'in mita 6 ke nan. Kowane hawa na akurkin murabba'in mita 0.6 ne, biyun sun tashi 1.2, idan aka cire kafar matakala da wurin da matakalar ta cinye a ƙasa, da ƙyar a tsira da guda ɗaya. Ƙungiyar House Rabbit Society ta Amurka, wadda aka kafa a 1988, ma'auninta ya fi sassauci: makwanci na aƙalla murabba'in ƙafa 8, haɗe da filin motsa jiki na aƙalla murabba'in ƙafa 24, wato kimanin murabba'in mita 2.2, wanda zomo zai samu na awa biyar ko fiye a kowace rana. Ko da wannan sassaucin aka bi, akurkin makwanci ne kawai, sauran buƙatar tana nan ba a taɓa ta ba.

Wani zai ce ai an daɗe ana ajiye zomaye a irin wannan wuri kuma suna rayuwa. Gaskiya ne, sai dai ya kamata a tuna dalilin da ya sa aka ƙirƙiro akurki tun farko. Masu kiwon zomo don nama ne suka yaɗa shi, kuma zomon nama wata uku ko ƙasa da haka yake yi a duniya, don haka ba a tsara wurin domin doguwar rayuwa ba. Zomon da aka ajiye a gida don sha'awa yakan yi shekara 8 zuwa 12 idan ya sami kulawa. Asalinsa kuwa zomon dajin Turai ne, wanda ya fito daga yankin Sifen da Fotugal da kudancin Faransa, dabba mai haƙa ramuka masu rassa a ƙarƙashin ƙasa, mai zama cikin 'yan'uwanta, mai fitowa ta yi kiwo a fili mai faɗi. Ba banza aka ce kowa ya ci zomo ya ci gudu ba, jikinsa gaba ɗaya an gina shi ne a kan gudu. Ƙasusuwansa ba su wuce kashi 7 zuwa 8 cikin ɗari na nauyin jikinsa ba, alhali tsokar ƙafafun bayansa tana da ƙarfi ƙwarai. Idan ya daɗe a tsare ba ya motsi, ƙashi yana ƙara rauni, ƙiba tana hawa, kuma shuri guda mai ƙarfi lokacin da aka ɗauke shi ba daidai ba yana iya karya masa gadon baya. Ƙibar ma ba ado ba ce. Zomo yana fitar da wani kashi mai laushi wanda yake lanƙwasawa ya cinye kai tsaye daga jikinsa, domin a cikinsa yake samun wasu sinadaran gina jiki. Wanda ya yi ƙiba ba ya iya kaiwa, sai kashin ya manne masa a gashi, ƙudaje su zo su yi ƙwai, cikin kwana guda tsutsa ta ƙyanƙyashe ta fara cin naman dabbar tana raye.

Da farko na ɗauka zan rufe wannan giɓi ta hanyar sakin su na awa ɗaya ko biyu da rana idan na sami sarari. Wannan dabara ba ta yi aiki ba, kuma dalilin a ɗabi'ar dabbar yake. Zomo da asuba da kuma bayan faɗuwar rana yake da kuzari, tsakar rana lokacin barcinsa ne. Sai na buɗe musu ƙofa da azahar su fito su sami ƙarƙashin kujera su kwanta, da asubar fari kuma, lokacin da jikinsu ke neman gudu, suna kulle. A wannan lokacin ne nake jin macen tana cizon raga tana jijjiga ta da haƙori. Daga baya ta fara yi wa hannuna gurnani idan na miƙa shi zan ɗauki kwanon ruwa, namijin kuma ya koma zaman lungu na awoyi, sannan su biyun suka fara kora da fizgar gashin juna, domin wanda ya gaji da ɗan'uwansa ba shi da inda zai ja jiki. Mutane da yawa suna ganin irin wannan su ce zomon mugu ne ko mafaɗaci, alhali ƙunci ne ya kai shi ga haka.

Matakalar, wadda ita ce ta fi ɗaukar ido a hoto, ita ce mafi rauni a ƙirar. Faɗinta santimita 14 ne, ta kuma miƙe da yawa, domin dole ta hau santimita 45 cikin ɗan taƙaitaccen wuri. Sandunan da aka gicciya mata don riƙe ƙafa sirara ne, biyu daga ciki sun ɓalle a wata na uku. Sau da yawa na ga namijin ya fasa bin ta ya diro ta kafar kai tsaye. Hawa biyu ba ya maye gurbin shimfiɗaɗɗen fili, domin zomo ba ya gudu a tsaye.

Daɓen hawan sama raga ce ta waya a bisa tiren, wai don kashi da fitsari su zube ƙasa. Ga mai shara wannan sauƙi ne, ga zomo kuwa azaba ce. Tafin ƙafar zomo ba shi da tsokar nan mai taushi irin ta kare ko kyanwa, gashi ne kawai mai kauri ya rufe fata da ƙashi. Idan ya daɗe yana taka waya, gashin dundunniya yana zubewa, fatar ta yi ja, daga nan ta fashe ta zama gyambo mai wuyar warkewa, kuma manyan zomaye da masu gajeren gashi irin nau'in da ake kira Rex sun fi saurin kamuwa. Da na ɗaga ƙafar macen na ga wani ɗan fili ja kamar girman ƙwayar wake ba gashi, ranar na yanko falle na katako na rufe ragar, na zuba busasshiyar ciyawa a kai. Likitan dabbobi ya duba ya ce bai kai ga miki ba, kuma cikin 'yan makonni gashin ya dawo. Amma da zarar an rufe ragar, tiren ya tashi daga aiki, wanda ke nufin ɗaya daga cikin abubuwan da aka fi tallata akurkin da su ba ya haɗuwa da lafiyar dabbar. Tiren kansa ma zurfinsa bai kai santimita 3 ba, kuma zomo lungu yake zaɓa ya ɗaga wutsiya ya yi fitsari, sai fitsarin ya bi ta bayan tiren ya jiƙa katako. Fitsarin zomo yana ɗauke da sinadarin kalsiyam, shi ya sa yake barin farin tabo mai tauri; a jikin roba ruwan khal yana narkar da shi cikin minti kaɗan, amma katakon da ya sha fitsari ba ya sakin wari, kuma warin amoniya a rufaffen ɗaki yana taɓa numfashin dabbar.

Katakon yana da laushi, haƙoran zomo kuwa ba sa daina tsiro, na gaba suna ƙaruwa da wajen milimita 2 a kowane mako, don haka gaigaya a wurinsa larura ce. Cikin wata huɗu sun cinye bakin ƙofar ɗakin kwana da gefen kafar matakala. Wannan ya sa tambayar irin fenti ko maganin da aka shafa wa katakon ta zama mai muhimmanci, kuma takardar bayanin ba ta ce komai a kai ba. Ina ganin wannan gazawa ce babba ga kayan da aka san dabbar za ta sa wa baki.

Ga mai niyyar ajiye shi a waje akwai ƙarin abin dubawa. Ƙofofin da ɗan guntun katako mai juyawa ake rufe su, irin wanda kare zai iya turewa da hanci. Na cire su na sa sakata ta ƙarfe. Ragar siririya ce, an kama ta da 'yan ƙananan ƙusoshi daga ciki, kuma da na danna ta da tafin hannu sai ta buɗe a kusurwa. Ragar da ta dace ita ce mai kauri wadda aka yi wa walda a kowace mahaɗa, mai ƙananan idanu. Ba ta kuma hana sauro da ƙuda shiga, alhali ƙwari suna cikin masu yaɗa manyan cututtukan zomaye, don haka sai an ƙara ragar sauro. Sai batun zafi, wanda na fi jin tsoro. Zomo ba ya gumi kamar mutum, ta jijiyoyin kunnuwansa yake rage zafin jiki, ya fi sakewa tsakanin digiri 10 zuwa 20 a ma'aunin Salshiyas, yana fara wahala idan aka haura 25, kuma daga wajen 30 abin yana iya kai shi ga halaka. Baƙin rufin kwalta yana tara zafi. Wata rana da rana ta bugi akurkin na sa ma'aunin zafi a ɗakin kwana, na tarar ya ɗara na inuwar da ke kusa da digiri biyar. A daji zomo yana gudun zafi ne ya shige rami mai sanyi. A cikin wannan akwati ba shi da mafaka.

Duk da haka ba zan tauye wa akurkin haƙƙinsa ba. Ɗakin kwanan mai duhu abu ne da zomaye ke so ƙwarai, domin dabbar da ake farauta ba ta samun natsuwa sai tana da inda za ta ɓuya. Rufin da ke ɗaguwa yana sauƙaƙa shara. Ya kuma yi mini rana a wani lokaci na musamman: da suka kai wata uku dole na raba su, tunda zomanya tana iya ɗaukar ciki tun tana ƙarama kuma kwana 31 ne kawai take haihuwa, sai na toshe kafar matakala ya zama ɗaki biyu, har likita ya yi wa namijin fiɗiya ya cire wa macen mahaifa, na kuma ƙara jira na wasu makonni domin namiji yana iya ba da ciki ko bayan an yi masa aikin. A matsayin wurin jinya ko rabuwa ta ɗan lokaci, ya biya.

Shingen da na saya daga baya ba don zomaye aka yi shi ba, na 'yan kwikwiyo ne. Falle takwas ne na sandunan ƙarfe da aka haɗa su suna naɗewa, kowane falle faɗinsa santimita 61, tsayinsa 91, ɗaya daga ciki yana da ƙofa. Babu abin haɗawa, ana warware shi ne a tsayar. Idan aka rufe shi ya zama murabba'i, kowane gefe falle biyu, filin da ke ciki bai wuce murabba'in mita ɗaya da rabi ba, wanda bai fi akurkin da wani abin kirki ba, kuma a nan mutane da yawa suke tsayawa. Amfaninsa na gaske yana fitowa ne idan aka ari bangon ɗaki. Na kai shi kusurwa, bango biyu suka zama gefe biyu, na jera falle biyar ta tsawo da falle uku ta faɗi, sai ga fili mai tsawon mita 3 da 'yan kai da faɗin mita 1.8, wato kimanin murabba'in mita 5.6. Da falle takwas ɗin nan dai, wurin ya ninka kusan sau huɗu, ya kuma kusa cika ma'aunin da RWAF ta bayar. Wanda ya jera huɗu da huɗu zai sami kusan murabba'in mita 6, amma na fifita dogon fili saboda gudu.

Akurkin na shigar da shi cikin shingen, na cire masa ƙofofi gaba ɗaya, ya koma abin da ya dace da shi tun asali, wato ɗakin kwana. A ƙasa na shimfiɗa leda mai kauri saboda fitsari, na ɗora tabarma da shimfiɗar auduga a kai, domin a kan tayil ko siminti mai santsi ƙafar zomo zamewa take yi, ya ji tsoron gudu. A lungun da suka zaɓa da kansu na ajiye babban baho mai ɗan zurfi, na zuba dunƙulen takarda mai tsotse ruwa, na cika gefe guda da busasshiyar ciyawa, tunda zomo yana son ya riƙa ci yana bahaya, kuma ciyawa ce ya kamata ta zama kusan kashi 85 cikin ɗari na abincinsa. Ban sa ƙasar bahayar kyanwa mai dunƙulewa ba, domin idan ya haɗiye ta tana toshe hanji, ban kuma sa ɓawon katako mai ƙamshi ba. Cikin mako guda kusan duk fitsarinsu a bahon yake. Na ƙara kwali biyu, kowanne na huda masa ƙofa biyu, domin zomo ba ya yarda da mafakar da ba ta da hanyar kuɓuta, da wani kwalin cike da yagaggiyar takarda don haƙa.

A dare na uku da kafa shingen, bayan magariba, ina zaune a ƙasa a gefen shingen, namijin nan mai zaman lungu ya taso daga ƙarshen fili a guje, ya daka tsalle sama, ya murɗa jikinsa a iska kansa na kallon gabas ƙafafunsa na kallon yamma, ya dira ya sake zabura. Wata bakwai yana hannuna ban taɓa ganin ya yi haka ba, kuma masu kiwon zomo sun san cewa wannan tsalle alamar jin daɗi ce. Macen kuwa ta daina cizon raga, gurnanin ya ragu har ya ɓace, kuma yanzu takan yi tafiya kaɗan sai ta faɗi ta gefe guda ta baje, ciki a waje, idanu a lumshe. Korar da suke yi wa juna ta tsaya ba tare da na yi wani abu ba illa ba su wurin da kowa zai iya kauce wa ɗan'uwansa.

Shingen ma yana da nasa aibin, kuma wajibi ne mai saye ya san su. Ba shi da nauyi, don haka zomo yana sa hanci ya tura shi, har sai da na kafa ƙugiyoyi a bango na ɗaure bakinsa biyu. Tazarar sandunan ta kai santimita 4, wadda ɗan zomo ko ƙaramin iri kamar Netherland Dwarf, da bai fi kilo guda da 'yan kai ba, zai iya cusa kai ya maƙale. Ga irin waɗannan sai an bi ƙasan shingen da raga mai ƙananan idanu. Tsayin ma abin lura ne. Ana sayar da mai santimita 60, kuma ban ba kowa shawarar sayensa ba, domin zomo lafiyayye yana haye shi ba wahala. A ƙasar Suwidin, inda aka fara gasar tsallen zomaye tun shekarun 1970, da maƙwabtanta, bajintar tsallen sama da aka rubuta ta kai wajen mita guda. Mai santimita 91 ya riƙe nawa, ban da rana ɗaya da na bar kwali a jikin shingen, macen ta taka shi ta fice, na same ta tana shinshinar wayar lantarki. Tun daga ranar duk abin da za a iya takawa yana tsakiyar fili ko jikin bango, wayoyin ɗakin kuma na zura su cikin bututun roba mai tauri. Fentin sandunan da ke kusa da baho ya fara ɓarewa, tsatsa ta ɗan kama bayan wata shida. Ba shi da rufi ba shi da daɓe, saboda haka a waje ba ya kare zomo daga shaho ko kyanwa ko kare, ba ya kuma hana shi haƙa rami ya fita ta ƙasa. Idan za a kai shi kan ciyawa, sai mutum yana tsaye a wurin kuma akwai inuwa. Sannan yana cin wuri, ciyawa tana watsuwa ta tsakanin sanduna, kuma wanda ɗakinsa ƙarami ne zai ji a jikinsa.

Idan mutum abu ɗaya kawai zai iya saya, shingen nake ba shi shawara, ya haɗa da kwali da baho, domin kwali yana yin aikin ɗakin kwana amma babu abin da ke yin aikin fili. Akurkin ya dace da wanda ya riga ya tanadi shinge ko ɗaki ko rumfa mai tsaro, yana neman makwanci da zai sa a ciki, kuma ya shirya rufe ragar daɓe da sauya sakata. Bai dace da manyan iri kamar Flemish Giant ba, wanda ke haura kilo 6, ko a matsayin makwanci. Kafin a biya, a nemi awon ciki ba na waje ba, domin lambobin da ake rubutawa a kwali sukan haɗa da ƙafafu da bakin rufi, kuma a nawa bambancin ya kai santimita 10 ta tsawo.

Abin da ya rage mini yanzu shi ne matakalar. Na faɗaɗa ta da wani katako na manna mata guntun kafet, tana aiki, amma zomo idan ya manyanta ciwon gaɓoɓi yakan kama shi, kuma hawa irin wannan zai gagare su nan da 'yan shekaru. Na riga na auna inda zan yanke akurkin in sauko da ɗakin kwanan ƙasa, in kuma rage bakin bahon ta gefe guda yadda za su shiga ba sai sun yi tsalle ba.